Babur Ɗin Da Ya Fi Ƙafar Mai Shi Tsawo

Akwai wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini da abokan aikinsa suke kira Yanzu-Yanzu, kuma ba su zalunce shi da wannan suna ba. Gajeren mutum ne mai kuzari, gwani a aikinsa, sai dai haƙuri bai taɓa kwana a gidansa ba. Ba ya bari mutum ya kai aya a magana sai ya tare shi da "Na gane, na gane." Ko shayi a tsaye yake sha, yana ƙona harshe yana duban agogo. Ga shi kuma da wani ɗan girman kai da yake ɓoyewa, domin ya tsani duk abin da zai tuna masa gajartarsa.

Abin dariyar shi ne, duk wannan azarɓaɓi nasa, shi ne kullum na ƙarshen isowa wurin aiki. Gidansa yana wannan bakin gari, ƙaramin asibitin da yake aiki yana wancan, tsakaninsu kuwa cunkoson motoci ne wanda ba ya jin roƙo. Zai zauna cikin motar haya yana karkaɗa ƙafa yana tsaki, alhali masu jiran gwaji suna can a kan benci tun ƙarfe bakwai ba su karya kumallo ba.

Wata Juma'a likitar da ke shugabantar asibitin ta kira shi ofis.

"Malam, hannunka babu kamarsa a nan, shi ya sa nake ta kawar da kai," in ji ta. "Amma mutanen nan tsofaffi ne masu ciwon suga, da yunwa suke zuwa. Jiya wata ta yanke jiki ta faɗi tana jiranka. Daga ranar Litinin, idan bakwai ta buga ba ka cikin ɗakin gwaji, wani zan ba kujerarka."

Ya fito ya san maganar ba ta wasa ba ce, domin da wannan aiki kaɗai yake riƙe da mata da 'ya'ya uku. Kafin ya isa gida ya yanke shawara: ɗan abin da ya tara, babur zai saya da shi, kuma gobe-gobe.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka tafi da Yayanka mana. Shekara nawa yana gyaran babura?"

Ba don ya so ba ya biya garejin wansa da safe, suka nufi shagon sayar da babura. Bakaniken mutum ne mai sanyin hali, irin wanda zai zagaya abu sau uku kafin ya taɓa shi. Ya tsaya gaban wani ɗan siririn babur marar kwalliya, ya matsa birki, ya girgiza shi, ya ce, "Wannan ne naka."

Yanzu-Yanzu ko kallon kirki bai yi masa ba. Idonsa ya riga ya sauka a kan wani baƙin ƙato da ke tsakiyar shagon, mai faɗin kai, mai madubai kamar faranti. Mai shago ya lura, ya matso yana shafa tankin.

"Yallaɓai ya san abu mai kyau. Wannan in ka murɗa shi, iska ma sai ta biyo baya."

A kafe babur ɗin yake a kan ƙafarsa ta tsakiya, ko motsi ba ya yi. Yanzu-Yanzu ya taka matakin gefe ya haye, ya ɗora ƙafafunsa a kan matakai, ya kama kan. Ya dubi kansa a madubi ya ga ya fi kowa a shagon tsawo. Wani daɗi ya ratsa shi har cikin ƙashi.

"Sauke shi ƙasa ka zauna mu gani," in ji wansa. "Babur ɗin cunkoso…"

"Na gane, Yaya."

"Me ka gane, ban faɗa ba tukuna? A cunkoso tsayuwa ta fi tafiya yawa. Kafin ka kai asibiti sai ka dire ƙafa sau ɗari. Ba gudu za ka saya ba, tsayuwa za ka saya. In tafin ƙafarka biyu bai kwanta a ƙasa ba, to ba naka ba ne."

A duk wannan bayani, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Yanzu-Yanzu, ita ce ƙafarka. Ya waiga ya ga wasu masu sayayya suna murmushi.

"Yanzu, Yaya, gorin gajarta za ka yi mini a gaban mutane?"

"Ni da kai ciki ɗaya muka fito, da me na fi ka tsawo? Cewa na yi ka gwada."

"Ba ni da lokacin gwaji. A haɗa mini takardunsa."

Bakaniken ya dubi ƙanensa ya ce, "Allah ya tsare," ya koma bakin aikinsa.

Ran Lahadi tituna babu kowa, Yanzu-Yanzu ya fita da ƙaton ya yi ta keta gari. Cikin minti ashirin ya kai ƙofar asibiti ya juyo. Gaskiya ne da ya zo tsayawa sai da ya zame gefe guda kafin ɗan yatsan ƙafarsa ya lashi ƙasa, amma sau biyu kawai ya tsaya, bai ɗauke shi komai ba. Da matarsa ta ga sai ya taka dakalin ƙofar gida yake hawa, ta ce, "Ko in riƙa bin ka da kujera ne?" Bai yi dariya ba.

Ranar Litinin ya fita shida da kwata, ya sa hular kwano, yana ganin har lokaci zai yi masa saura. Yana kaiwa mahaɗar da ke gaban kasuwa ya tarar da motoci sun cushe, babu gaba babu baya. Ƙananan babura suna ta silalewa tsakanin motoci kamar zare a allura. Ya saka kai zai bi su, madubinsa ya daki na wata mota, direban ya leƙo yana surfa masa baƙar magana. Ya ja baya da ƙyar, domin ƙaton ba ya jawuwa da yatsa ɗaya.

Daga nan sai wahala ta fara. Ya matsa taku biyar, ya tsaya, ya zame, ya dogara da ɗan yatsa. Hannunsa na hagu ya sage saboda matse kuloci. Zafin injin ya taso yana gasa masa cinyoyi, gumi yana shiga masa ido. Bakwai saura ashirin. Bakwai saura kwata. Ya danna oda, ya sake dannawa, kamar motocin da gangan suka tsaya. Muryar likita tana ta yi masa amo a kunne.

Can ya hango wata 'yar kafa tsakanin wata doguwar bas da bakin kwata. Bai tsaya aunawa ba ya kutsa. Yana tsakiya bas ɗin ta ɗan karkato, ya take birki, ya miƙa ƙafar dama zai dire. A daidai nan titin ya gangara zuwa kwata. Ƙafarsa ta nemi ƙasa ta rasa.

Ba wani mummunan haɗari ba ne, a tsaye ma yake. A hankali ƙaton ya kwanta da shi, ya danne masa ƙafa, salansar hayaƙi mai zafi ta manne masa a sharaɓa. Ya yi ta yunƙuri, babur ko gezau. Sai da maza uku suka taru suka ɗaga shi. Hannun birki ya karye, injin kuma ya ƙi tashi. Ya bar shi wurin wani mai faci, ya roƙi wani bawan Allah mai ɗan ƙaramin babur ya taimaka masa. Cikin minti goma mutumin ya ratsa da shi cunkoson, yana dire ƙafafunsa ba tare da ko tunani ba.

Bakwai da rabi ta wuce ya shiga asibiti yana ɗingishi, wando a yage. Ƙofar ɗakin gwaji a buɗe take. Wata ma'aikaciya tana zaune a kujerarsa, tana ɗaure damtsen wani dattijo tana neman jijiya. Likita ta fito, ta dubi ƙafarsa, ta sa aka zaunar da shi. Da hannunta ta wanke ƙunar ta naɗe.

"Likita, wallahi tun shida da kwata na fito…"

"Na yarda, Malam. Kada ka bari ruwa ya taɓa wurin," in ji ta. Ta miƙe tana cire safar hannu. "In ka huta, ka ajiye mini makullin ɗakin a kan tebur."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin amfanin yau da kullum ba don ido ake zaɓarsa ba, don aikin da zai yi ne da kuma jikin mai shi. Wanda zai sayi abin hawa ya tuna hanyar da zai bi a ranar aiki, ya gwada shi yadda zai yi amfani da shi, ba yadda aka kafe shi a shago ba. Sannan idan masani ya buɗe baki, a bari ya kai aya, kuma kada a mai da shawara gori. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, girman kai kuwa rawanin tsiya ne. Gwajin minti ɗaya da mutum ya raina yana iya raba shi da abincin iyalinsa.