Kadangare Mai Gemu da Miyar Gwamma

Ga ta nan, ga ta nanku, in kun gama surutun.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Wani tsoho ne, sunansa Nomau. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Abokin hirarsa ɗaya, wani kadangare mai gemu da wani falke ya kawo masa daga bayan teku. Kullum Nomau ya tsinko masa zogale, ya kankare masa kabewa, ya ƙara da furen rama. Ɗanye, ku lura. Ba gishiri, ba mai.

Ran nan tafiyar ta'aziyya ta kama Nomau. Ya kai kadangaren gidan maƙwabciyarsa Gwamma, wadda ba a taɓa kushe miyarta ba.

Ya ce, "Gwamma, ga amana. Zogale, kabewa, furen rama. Ɗanye."

Ta ce, "Na ji, Malam. Allah ya tsare hanya."

Da ya tafi, ta dubi gemun nan. Ta ce, "Mai gemu guda ya sauka gidana, in ba shi ɗanyen ganye kamar akuya? Me gari zai ce?"

Rana ta farko ta soya albasa da tafarnuwa. Kadangare ya ce, "Inna, wannan guba ce a cikina."

Ta ce, "Kunyar baƙo ce. Ci." Ta ɗura masa. Gemunsa ya yi baƙi don wahala.

Rana ta biyu ta yi kwaɗo, ta matse lemon tsami. Ya ce, "Inna, kurma ce ke? Zogale aka ce miki."

Ta ce, "Fulako ne. Ci." Ta ɗura masa. Gemu ya ƙara baƙi.

Rana ta uku ta dafa alayyafo da kanwa da man ja. Ƙafar kadangare ta baya ta daina motsi. Ya san in ya ƙara loma ɗaya, gawa Nomau zai tarar.

To, ya lura da halin Gwamma: duk abin da ya ɓata mata rai, bayan danga take wurga shi, kan juji. Sai ya kumbura gemu ya ce, "Ke tsohuwa, wa ya ruɗe ki kin iya miya? Ruwan wanke-wanke ya fi wannan. Mutanen gari tsoron bakinki suke yi, shi ya sa suke yabo."

Gwamma ta miƙe. "Ni? A gidana? Butulu, ɗan tsinin baki."

Ta kama wutsiyarsa, ta wurga shi bayan danga.

A kan jujin kuwa kabewa ta fito da kanta, ta yaɗu, ta yi fure. Dangar ma zogale ce. Ya ci, ya sha rana, ya ci.

Nomau ya dawo, Gwamma ta tare shi da faɗa: "Baƙonka ba shi da tarbiyya." Nomau ya san halinta. Ya zaga juji, ya ɗauki abokinsa, ya shafa ƙafar nan da ta shanye. Ƙafar ba ta ƙara miƙewa ba. Shi kuma bai ƙara sallama a ƙofar Gwamma ba, ita ma har ta mutu tana cewa kirki ta yi.

Girmama baƙo shi ne ka ji abin da ya ce yana ci. Wanda ya ciyar don gari ya yaba, kansa ya ciyar.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa juji. Ku tashi, na gaji.