Ƙaiƙayin Ƙuru

Gatanan gatananku, ku nutsu.
Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ƙuru, gajeren dokin nan, ƙaiƙayi ya dame shi a gadon baya. Dawaki kuwa biyu-biyu suke sosa wa juna da haƙori.

Ya ce wa Ingarma, "Yaya, sosa mini in sosa maka."

Ingarma ya ce, "Bakinka bai kai bayana ba, wa zai rama mini?"

Jaki ya ce, "Zo nan, ɗan'uwa, tsayinmu ɗaya."

Ƙuru ya ce, "Ni, jinin doki? Allah ya sawwaƙe!"

Jaki ya kaɗa kunne ya tafi. Da abin ya tsananta, Ƙuru ya yi ta kiransa, shiru. Har yau a kututture yake goga bayansa shi kaɗai, kututture kuwa ba ya hira.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu.