Fara'ar Kura Mai Tuwo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Kura ce ta tuba da farauta, ta kafa rumfar tuwo a kasuwar dawa. Miyarta ƙamshi kamar me, amma duk wanda ya ci sau ɗaya ba ya dawowa. Tuwo ya yi ta kwantai, jari ya kusa karyewa.

Sai ta tare Zomo ta ce, "Don Allah, mene ne laifin tuwona?"

Zomo ya ce, "Ranki ya daɗe, ai babu kamarsa!" Ya ranta a na kare.

Hankalinta bai kwanta ba, ta nufi wurin Bushiya. "Ƙanwata, faɗa mini gaskiya komai ɗacinta."

Bushiya ta fara dunƙulewa cikin ƙayoyinta, sannan ta amsa daga ciki: "Yaya, tuwonki lafiya lau. Amma baƙo na ci, kina tsaye a kansa kina kallon cinyarsa, yawunki na ɗiga a kafaɗarsa."

Kura ta dafe ƙirji. "Ni? Innalillahi! Ni da nake yi musu fara'a!"

"Fara'ar ce ta fi firgita su. Haƙoranki duk a waje!"

Kura ta shafa haɓarta, ta ji ta jiƙe sharkaf. Ta zube a ƙasa.

Washegari ta kafa zana tsakaninta da masu ci, tana turo kwano ta ƙarƙashi. Kafin azahar tukunya ta ƙare, har Barewa sarkin tsoro ta nemi ƙari.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta koma dawa.