Tiyon da Sarkin Dizal Ya Ƙi Dubawa

Akwai wani tsohon makanike da ake kira Sarkin Dizal, kuma sunan bai zo a banza ba. Mota za ta shigo garejinsa tana tari, kafin direba ya kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta. Sai dai fa bawan Allahn nan kunnensa na inji ne kawai. In mutum ne ke magana, ko a jikinsa.

Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa duk sun watse, don ba a taɓa yin daidai a wurinsa. Abokan sana'a sun daina leƙo shi. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah bai ba su haihuwa ba. A garejin nan kujera ɗaya ce, kofin shayi ɗaya. Da rana yakan zauna a kan kifaffen bokiti ya ci abincinsa, yana fuskantar bango.

Abu biyu suka rage masa a duniya. Na farko tsohuwar motarsa mai jan taya huɗu, mai shan dizal, wadda ya fi shekara ashirin yana lallaɓawa. Na biyu yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita kaɗai ce ba ta san wani Sarki ba. Da furfurarsa da komai, Auta take ce masa.

Yaya tana zaune a wani ƙauye mai nisa, wanda in damina ta sauka hanyarsa sai ta koma laka da kwazazzabai, ƙaramar mota ba ta shiga. Ranar Litinin da safe 'yarta ta kira shi, tana haki, don sai an hau tudu ake samun layin waya a can.

"Kawu, jikin Inna ya tsananta. Ba za ta iya zama a babur ba. Ta ce a gaya wa Auta ya zo da motarsa ya kai ta asibiti."

"Ki ce mata gani nan," in ji shi.

Ya tayar da mota ya kama hanya. Bai wuce gidajen ƙarshe na gari ba sai inji ya fara shaƙewa, ya yi fizge-fizge, ya mutu. Ya buɗe gaban mota, ya danna ɗan famfon hannu da ke saman filta, wato matatar mai, har mai ya hau, ta tashi. Tafiya kaɗan ta sake mutuwa. Da ƙyar ya lallaɓo ta ta dawo gareji.

"Filta ce," ya ce wa kansa, don babu wanda zai ce wa. Ya canza filta. Ya fita gwaji, ta mutu a daidai inda ta mutu ɗazu.

To, a gefen garejin akwai wani mai faci, sa'ansa ne a shekaru, da bencinsa da bahon ruwa da yake tsoma tayoyi a ciki. Shekara goma suna maƙwabtaka, amma in ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa su. Da ya ga Sarki ya dawo karo na biyu yana share gumi, sai ya taso.

"Sarki, sannu da fama. Ni ban san inji ba, amma na ga kullum sai ka danna famfon nan take tashi. Anya ba iska take sha ba? Da ka ciro tiyon da ya taso daga tanki mu tsoma a ruwa."

Sarki ya shafa tiyon da hannu, ya ɗago tafinsa ya nuna masa.

"Ka ga mai? A bushe yake ƙarau. Tiyon nan ni na yanka shi, ni na ɗaura shi da hannuna. Aikina ba ya yoyo."

"Ai wata ɓular ba ta zubarwa, shaƙa take yi."

"Malam, je ka ji da tayoyinka. Ranar da na fara koyon inji a bahon wanki, ranar zan rufe garejin nan."

Mai faci bai yi fushi ba. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Amma tunda maganar mara lafiya ce, mai jan motocin nan na bayan tasha yana da irin taka. In ka yi masa magana ba zai hana ka ba."

"Ni? In ari mota? A ce Sarkin Dizal ya kasa tayar da tasa?"

Kun ji fa. Girman kai rawanin tsiya.

Talata ya shiga ƙarƙashin mota ya sauke tanki shi kaɗai. Aikin mutum biyu ne, amma wa zai kira? Tankin ya zame ya daki ƙirjinsa, ya kwanta a wurin yana nishi, yana kallon ƙafafun mutane suna wucewa a titi, ba wanda ya san yana nan. Ya wanke tanki tas, ya mayar. Mota ta tashi da kyau, ta yi tafiyarta kaɗan, ta mutu.

Da la'asar waya ta yi ƙara.

"Kawu, kana ina? Tun jiya ta hana a rufe ƙofar ɗakinta, wai don ta ji ƙarar motarka."

"Gobe da sassafe, in Allah ya yarda. Ƙaramin abu ne ya rage."

Ya ajiye wayar. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ɗaga kai ya hangi mai faci yana tsoma taya a baho. Ya kawar da kai.

Laraba ya kwance babban famfon mai na inji, wanda shi ne aikin da ya yi suna a kai. Ya shimfiɗa tsumma mai tsabta, ya jera ƙananan ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, ya duba kowanne a hasken rana. Lafiyarsu lau. Ya mayar da komai, ya gwada. Ta mutu.

Nan ya zauna a kan bokitinsa, ya rasa abin da zai kwance kuma. Duk abin da wani ya ƙera ya bincika. Abu ɗaya ne bai taɓa ba, wanda shi ya ɗaura.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya kwance tiyon. Ya riƙe shi a hannu ya taka zuwa rumfar mai faci. Taku goma sha biyu ne, amma ya ji su kamar tafiyar yini.

Mai faci bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya karɓa, ya toshe baki ɗaya da babban yatsa, ya hura iska ta ɗayan, ya danna cikin ruwa. Sai ga 'yan kumfa ƙanana suna tasowa a jere, daga daidai wurin da zoben ƙarfe ke matse tiyon a jikin filta. Tsagar ba ta kai tsinin allura ba, zoben ya rufe ta. Da yake ta nan famfo ke zuƙo mai, ba ta ɗiga ko ɗigo ɗaya, sai dai ta tura iska cikin inji.

Sarki ya tsaya yana kallon kumfan nan. Kwana uku.

Sabon tiyo, zobe biyu, ya fitar da iskar da ta rage. Ko shayi ba zai huce ba a lokacin da aikin ya ci. Ya zagaya gari har sau uku, mota ko tari ba ta yi ba. Hanyar ƙauyen ba ta biyuwa in rana ta faɗi, dole ya jira wayewar gari. Ya yi ta kiran 'yar Yaya, waya ba ta shiga.

Alhamis gari na wayewa ya tafi. Motar ta ratsa laka, ta haura kwazazzabai kamar sabuwa. Ya shimfiɗa katifa a baya, har da filo, don Yaya ta kwanta.

Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune sun yi shiru. Ya kashe mota. Ya daɗe riƙe da sitiyari kafin ya iya fitowa.

'Yar Yaya ta tare shi a zaure, idanunta sun kumbura.

"Jiya da azahar ne, Kawu. Ruwa ya hana ni hawa tudu in kira ka."

Jiya da azahar yana jera ƙarafa a kan tsumma.

"Ta bar wata magana?"

"Ko babur ta ji sai ta ce, ku duba, Auta ne. Daga baya ta ce kada wanda ya ga laifinka. Wai in dai mota ce, babu wadda ta gagare ka, sai dai in wani abu ya same ka a hanya. Har ta cika addu'a take yi maka."

Dattijon nan ya durƙushe a zauren ya yi kuka irin na yara, bai damu da wanda ke kallo ba.

Bayan kwana uku ya dawo gari shi kaɗai, katifar na nan a baya yadda ya shimfiɗa ta. Inji bai yi gardama ko sau ɗaya ba, kuma wannan lafiyar tata ita ta fi yi masa ciwo. Duk faɗin duniya babu sauran mai ce masa Auta.

Da ya iso bai buɗe gareji ba. Ya taka zuwa rumfar mai faci ya tsaya. Mai faci ya dubi fuskarsa, ya dubi katifar, ya gane.

"Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri."

Ya ɗauke kayan aikinsa daga kan benci, ya matsa gefe. Sarkin Dizal ya zauna.

Darasi: In abu ya lalace, fara duba wanda hannunka ya ɗaura kafin ka zargi na wasu. Kada ka raina shawara don ka raina mai ba da ita, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mota tana jiran gyara, amma mutum ba ya jira. In akwai wanda ya bar ƙofa a buɗe yana sauraron zuwanka, ajiye girman kai ka nemi taimako yau. Ku tura wa 'yan uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai mai riƙe da nasa tiyon ya ƙi dubawa.