Ƙato Bayan Ƙato a Dawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Zaki ne sarkin dawa, ƙashi ya maƙale masa a wuya, ya ce ga garinku nan. Bai bar magaji ba, sai rumbun gero guda wanda namun dawa suka tara don bazara. Al'adarsu kuwa, rumbu a hannun sarki yake. Ba sarki, ba tsaro, dawa ta zama kowa tashi ta fisshe shi.

Sai aka taru a gindin tsamiya a kan wa zai yi mulki.

Kura ta ce, "Maganar me ake ja? Mulki na mai ƙarfi ne. Wanda bai yarda ba ya matso kusa in yi masa bayani."

Ba wanda ya matso.

Kunkuru ya ce, "A'a, mulki na mai hikima ne, wanda ya daɗe ya ga jiya ya ga yau." Kowa ya san kansa yake nufi. Kafin ya kai ƙarshen jawabin, rabin taron ya yi gyangyaɗi.

Sai ga Kurege, ɗan ƙarami, ido a tsaye, shi kuwa tun da aka zauna rumbun nan yake kallo. Ya ce, "Iyayena, mulki na jama'a ne. A yi ƙato bayan ƙato. Kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, mai dogon layi shi ne sarki."

Kura ta yi dariya ta ce ta yarda. Wa zai tsaya bayan abin da bai kai loma ba?

Ashe Kurege ya riga ya je wurin Magajiyar tururuwa. Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, ku tsaya mini. In na ci, kowace tururuwa ƙwayar gero ɗaya."

Magajiya ta ce, "Kowace?"

Ya ce, "Kowace." A ransa yana cewa, ƙwaya ɗaya me za ta rage wa rumbu?

Ranar zaɓe Kura ta tsaya, matsorata suka bi bayanta. Kunkuru ya tsaya, matarsa kaɗai ta bi shi, ita ma tana harararsa. Kurege ya tsaya, sai ga tururuwa. Suna zuwa, suna zuwa. Layi ya wuce tsamiya, ya wuce rafi, ya haye dutse, suna zuwa.

Kura ta ce, "Waɗannan ƙananan su ma a lissafi suke?"

Kunkuru ya ce, "Kawuna aka ce a ƙirga, ba a ce a auna ƙiba ba."

Aka naɗa Kurege. Ya hau kan rumbu, ya buɗe, zai kai lomar farko ke nan, sai ya ji sallama. Magajiya ce, da jama'arta a baya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, alkawari kaya ne."

Kowace tururuwa ta ɗauki ƙwaya ɗaya. Suna zuwa, suna zuwa. Gero ya sauka zuwa rabi, suna zuwa. Ya kai ƙasa, suna zuwa. Wallahi har na ɗan tausaya masa, sarki guda yana lasar ƙaiƙayi.

Bazara ta yi, yunwa ta taso, namun dawa suka zo karɓar rabonsu. Rumbu wayam. Kura ta cafke shi ta ce, "Yau kai ne rabona."

Kurege ya ce, "Yaya Kura, ban ƙi ba. Amma yanzu muna da tsari, ba a cin sarki sai da ƙuri'a. Mai son a cinye ni ya tsaya a bayanki."

Nan da nan dawa kaf ta jeru bayan Kura, har da tururuwan da ba su samu ƙwayarsu ba. Kura ba ta taɓa ganin farin jini irin wannan ba, sai ta sake shi, ta gyara tsayuwa tana hura hanci.

Ya ce, "Kar ki waiwaya, ƙuri'a za ta lalace. Bari in ƙirga."

Yana ƙirga yana tafiya, yana ƙirga yana tafiya. Ya wuce tsamiya, ya wuce rafi, ya haye dutse, ya faɗa rami. Kura na can tsaye tana jiran sakamako.

Shi ya sa har yau tururuwa a layi suke tafiya, cikon alkawari suke nema. Kurege kuwa da ya ɗan ruga sai ya miƙe tsaye ya waiga, yana duba wa ke bayansa.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In za ku yi wa jama'a alkawari, yara, ku fara haƙa rami.