Daniyel da Burodin Zakoki

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya yanke.

A wata ikilisiya can wajen Kaltungo akwai Malama Keziya, wadda ta koyar a makarantar Lahadi har ta ga jikokin ɗalibanta. Ranar bikin yara, majami'a cike, babban fasto ya tambayi yaran abin da ya hana zakoki cinye Daniyel. Suka amsa baki ɗaya cewa burodi ya raba musu, suka ƙoshi, suka zama abokansa. Ba wanda ya ambaci Allah, balle mala'ikan da ya rufe bakin zakokin. Dattawa suka fusata, suka ce Keziya na koyar da ƙarya, za a sa ta a horo: ta koma bencin baya, a hana ta Jibin Ubangiji, wato abincin tarayya na masu bi. Tsohuwar ta yi kuka ta ce ba daga bakinta ya fito ba. Abin ya ba ni tausayi, don shedarta ita kaɗai ce.

Liyatu, mai ɗinki, ita ta fara gano bakin zaren. Ta ga 'ya'yanta a tsakar gida suna wasan Daniyel, ƙaramin yana jefa wa akuya ɓawon burodi, har da wata waƙa da ba a taɓa yi a coci ba. Ba ta dake su ba. Ta lallaɓe su har suka ce a ɗakin karatu na coci suke kallo, cikin faya-fayan bidiyon da ake kunna musu in iyaye sun shiga taro. Manya kuwa ba wanda ya taɓa zama ya kalla, tunda zanen yara ne kuma da hoton gicciye a kwalin.

Filibus, wanda ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki, shi ya ɗauki wahalar da Liyatu ta kai masa labari. Ya zauna da Littafin a buɗe a cinyarsa, ya kalli faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, yana tsayar da hoto yana duba aya. Ya ware masu kyau, don da yawansu ba laifi. Ya ware waɗanda aka ƙara wa gishiri kawai, ya kuma fito da na Daniyel, inda aka cire hannun Allah ɗungum aka sa wayon mutum. Amma da ya ji wanda ya kawo su, sai ya ɓoye abin da ya gano, ya ƙi kai wa dattawa. Shugaban dattawa ne da kansa ya ba da su kyauta, aka yi musu addu'a a gaban jama'a.

Sai Rahila, ƙanwar shugaban, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda a gidansa take zaune tun rasuwar mijinta. Ita Filibus ya tsegunta wa a ɓoye. Ranar da za a sanar da horon, ta shiga taron dattawa ba gayyata, ta ajiye faifan a kan tebur.

"Yaya, kafin ku mai da Keziya baya, ku kalli abin da ka kawo. In akwai mai zama a bencin nan, daga gidanmu zai fito."

Aka kunna, aka kalla. Shugaba ya sunkuyar da kai, ya je har gida ya roƙi Keziya gafara, amma har yau gaisuwa kawai ke haɗa shi da ƙanwarsa.

Dattawa suka ce daga yanzu ba faifan da zai kai idon yaro sai mutum ɗaya ya duba ya amince. Suka damƙa wa Keziya mabuɗin ɗakin, suka ce ta miƙa wa wanda ya fi ceton ta. Ba don Liyatu ba, da ba a san inda ɓarnar take ba. Ba don Filibus ba, da ba hujja. Ba don Rahila ba, da hujjar ta ruɓe a aljihu.

To, ku ne Keziya, mabuɗi ɗaya ne a hannunku. Wa za ku miƙa wa?