Bindigar da Hisham Ya Goge da Injin Huda

Akwai wani ɗan kasuwar tumaki a unguwar Ka'akiyya ta Makka, sunansa Hisham. Kakansa ne ya zo ta Sudan, shi kuwa a nan aka haife shi. Yana da garke can bayan iyakar Harami, a gindin wani dutse, inda wani makiyayi mutumin garin Tawa mai suna Mika'ilu yake lura masa da dabbobin.

Da Hajji ya matso, karnukan jeji suka addabi garken. Hisham yana da bindigar farauta mai lasisi, amma ta koyi wani hali. In aka harba, sai ƙwanson harsashin ya maƙale a cikinta, sai an yi ta fama kafin ya fito.

Ya kai ta wurin kawunsa Baraka, wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa. Tsohon ya leƙa ciki ya ce, "Tsatsa ce ta kama mazaunin harsashin. Gogewa yake so, amma shuwayya-shuwayya, sannu a hankali, a hannun wanda ya iya. Ka kai wa mai gyara a Jidda. Kafin nan ka kwaso tumakin ka zuba a hoshina, filin gidan nan nawa, katangarsa doguwa ce."

"Ya khali, kawuna, na kira mai gyaran, ya ce sai bayan Hajji. Kuma masu sayen hadaya garken suka sani. In na tashe su yanzu, wa zai neme ni?"

"Su neme ka a hoshina mana."

Hisham ya ɗauki bindigarsa ya tafi. Da ya koma gida sai ya naɗa samfefa a jikin wani siririn ƙarfe, ya ɗaura a injin huda, ya zura cikin bindigar. Kafin shayinsa ya huce, ramin yana ƙyalli kamar madubi. Bai san ya ci ƙarfen fiye da kima ba, har wurin ya buɗe. Bai ma gwada harbi ba.

Ranar Laraba da la'asar yana garken, karnukan suka gangaro daga kan dutse. Tumaki suka watse. Mika'ilu ya waiwayo ya dubi maigidansa, sannan ya ɗaga sandarsa ya tare gaban ƙananan raguna.

Hisham ya harba, bai samu ko ɗaya ba. Ya ja sakatar bindigar, ta ƙi motsi. Ƙwanson ya kumbura a ciki ya cije. Ya ja da hannu biyu, ya dafe ta a ƙasa ya taka da ƙafa, ko gezau.

Yana cikin haka babban karen ya kayar da Mika'ilu.

"Maigida! Maigida, harba!"

Hisham yana jin kiran, yana ta jan ƙarfen da ya ƙi janyuwa, yana salati. Sai daga baya ya tuna da motarsa. Ya ruga ya tayar da ita, ya nufi karnukan yana danna hon har suka gudu. Ya tarar da Mika'ilu a kwance, hannunsa na dama ya yi kaca-kaca.

A asibiti an yi masa allurai da ɗinki. Likita ya ce ran ya tsira, amma jijiyoyin yatsun sun tsinke, ba za su ƙara damƙar igiya ba. Mai gyara kuma ya duba bindigar bayan Hajji, ya ce kalas, shi ke nan, ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa.

Hisham ya biya kuɗin magani, ya nemi wani likitan, ya sake neman wani. Duk magana ɗaya suka yi.

Ranar da Mika'ilu zai koma gida, Hisham ya je ɗakin ɗan'uwan Mika'ilun a unguwar Hindawiyya inda yake jinya. Ya zauna a bakin katifa, ya kasa ɗaga kai.

"Ka yafe mini, Mika'ilu."

"Babu komi, maigida, haka Allah ya rubuta." Ya dubi hannunsa da ke naɗe. "Da ni kaɗai ne a wurin, da na haye bisa dutse. Na gan ka riƙe da bindiga, shi ya sa ban gudu ba."

Darasi: Gaggawarka ba kai kaɗai take cutarwa ba, akwai wanda ya tsaya a inda yake saboda ya dogara da kai. Abin da ba ka iya ba, ka kai wa wanda ya iya, ka yi haƙurin jira. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana shirin yin irin wannan gyaran yau.